Tsohon Ƙarfe a Hanyar Gallabat: Wa Zai Faɗi Shekarunsa?

 Wannan ita ce hirar da muka yi a shirinmu na tarihi. Na rubuta ta domin wanda yake daji ko kan hanya a daren, bai samu ya saurara ba.

Ga abin da ya jawo maganar. Bayan ɗaukewar damina, wani bawan Allah da ke kiwo a tsakanin Doka da Gallabat ya aiko mana hoto ta waya. Wani bututun ƙarfe ne da tsatsa ta cinye, da wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe kamar wuyan zalɓe. Ya ce a gaɓar wani rafi ya gan su, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, sai ya zaro su ya kai kasuwa. Wani ya ce masa ai na zamanin Mahadi ne. Wani kuma ya ce bindigar Turawan Fotugal ce, ta kai shekara ɗari biyar, har ya yi masa tayi. Shi ne yake tambaya, wanne ne mai gaskiya a cikinsu?

Amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Duk su biyun za su iya zama masu gaskiya, kuma babu masanin da zai raba gardamar daga hoto. Babban mai shaida a wannan shari'a shi ne ƙasar da ƙarfen ya kwanta a ciki, ita kuwa an baro ta a bakin rafi. Bari in yi muku bayanin dalili daki-daki.

Da farko mu san irin bindigar da ake magana. Kafin bindiga mai ƙanƙara, wadda kakanninmu suka fi sani, akwai bindiga mai lagwani. Ana ɗura mata albarushi da harsashi ta baki, kamar bindigar toka ta maharba. Bambancinta yana wurin kunna wuta. Akwai igiya da aka jiƙa da ruwan gishirin albarushi aka shanya, tana ci a hankali kamar garwashi. Ana maƙale ta a bakin wani ƙarfe lanƙwasasshe, wanda Turawa suka sa masa sunan maciji saboda siffarsa. In mai harbi ya matsa kunama, sai ƙarfen ya sunkuyo, ya dangwala wutar a wani ɗan kasko mai garin albarushi, wutar ta bi wata ƙaramar kafa ta shiga ciki, sai bindiga ta tashi. Ruwan sama yana kashe ta, iska tana wahalar da ita, da dare kuma abokin gaba yana hango wutar daga nesa. Amma tana da sauƙin ƙira, maƙerin ƙauye ma yana iya gyara ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In irin wannan bindiga ta faɗi a daji, gara da damshi su ne ke fara cinye itacen da igiyar. Abin da ke saura shi ne bututun, da macijin, da farantin ƙarfen da ke riƙe shi, da ɗan kaskon, da dunƙulen dalma na harsashi. Da waɗannan ake aiki.

Hanya ta farko ita ce duba ƙira. Kowane zamani da nasa salon, kamar yadda dillalin mota zai kalli fitila ya faɗi shekarar da aka yi ta. Bindiga mai lagwani ta bayyana a Turai a ƙarni na 15. Mai ƙanƙara irin wadda aka sani ta fito a Faransa a farkon ƙarni na 17. Mai ƙaramar hular tagulla da ake bugawa ta tashi ta yaɗu daga wajen 1820 zuwa 1840. Mai harsashi na kwanso, da ake sakawa ta baya, ta kama duniya bayan 1860. Saboda haka in aka ga maciji da kasko, an san irin bindigar. In aka ga muƙamuƙin ƙarfe mai riƙe dutsen ƙanƙara, an san wata iri ce daban.

Wani lokaci kuma akwai hatimi. Birnin Bamingam na Ingila ya buɗe gidan gwajin bututun bindiga a 1813, kuma duk bututun da ya ci gwaji sai an buga masa alama. Na birnin Liyej a Beljiyam suna da tasu, haruffa uku ne, ELG. Hatimin gidan gwaji na Bamingam ba zai girmi 1813 ba, ko da mai sayarwa ya yi ta rantsuwa.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙira tana faɗa mana lokacin da aka fara yin irin abin ne kawai, ba ta faɗin ranar da aka daina amfani da shi. Ku fatake kun fi kowa sanin wannan, saboda liyari, wato azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza da aka daɗe ana ciniki da ita a kasuwannin Gallabat da Matamma. Matar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin shekara da shekaru, kowanne da 1780 a jikinsa. Wanda ya tsinci liyari ya ce lalle na 1780 ne, ya yaudari kansa. Abin da zai iya faɗa shi ne bai riga 1780 ba. Haka bindiga mai lagwani take a wannan yanki namu.

Ga tarihin a taƙaice. Turkawan Santambul sun ci Masar a 1517, daga nan suka sauko Bahar Maliya, suka riƙe Sawakin, suka kama Masawwa a 1557. A cikin wannan tsakani ne Imam Ahmad, wanda Habashawa ke kira Giran, wato bahago, ya kusa cinye ƙasar Habasha. A 1541 Turawan Fotugal kimanin 400 suka sauka a Masawwa da bindigogi masu lagwani domin su taimaki sarkin Habasha. Shi kuma Imam ya samo ɗaruruwan 'yan bindiga daga hannun Turkawa a Yaman. A watan Fabrairu na 1543 aka gwabza a Waina Daga, gabas da tafkin Tana, aka harbe Imam, yaƙin ya juya. To kun ga mutumin kasuwa da ya ambaci Fotugal bai ɗauko maganar daga iska ba. Tun kusan shekara ɗari biyar irin wannan bindiga tana cikin tsaunukan da muke hangowa daga gabas.

Amma ba a ajiye ta ba. A Turai an daina yayinta wajen 1700, a Habasha kuwa an ci gaba da riƙe ta har cikin ƙarni na 19, saboda sauƙin gyaran nan da na ce ku riƙe. A 1848 Kasa Hailu na Kwara, wanda daga baya ya zama Sarki Tewodoros, ya kai wa sojojin Masar hari a Dabarki, nan kan wannan iyaka, suka yi masa ɓarna da bindigogi da igwa. Bayan shekara ashirin, a 1868, da sojojin Ingila suka zo masa a Magdala, har a lokacin akwai masu lagwani a hannun mutanensa. Saboda haka maciji da kasko da aka tsinta a gaɓar rafi za su iya zama na 1550, za su iya zama na 1850. Tazarar shekara ɗari uku ke nan, kuma ƙira kaɗai ba za ta raba ba.

Akwai kuma aikin maƙera. Bututu mai kyau ba a yar da shi. In itace ya karye a sassaƙa sabo, in maciji ya lalace a ƙera wani, in an samu kayan ƙanƙara ko na hula a ɗora su a kan tsohon bututu. Bindiga ɗaya sai ta zama tana da shekaru iri uku, kamar tsohuwar motar ɗaukar kaya da injinta daban, jikinta daban.

Daga nan ƙasar iyakar ta ƙara cika da ƙarfe. A 1875 da 1876 Habasha ta ci sojojin Masar a Gundet da Gura, ta kwashe musu bindigogi ƙirar Remington. A Nuwamba 1883 mutanen Mahadi suka hallaka rundunar Hicks Pasha a Shaikan ta Kurdufan, su ma suka kwashe Remington na Masar. Da aka haɗu a Gallabat ranar 9 ga Maris 1889, tsakanin Sarki Yohannes na Huɗu da Ansar ƙarƙashin Zaki Tamal, ɓangarorin biyu suna da irin bindigar nan guda, ga kuma tsofaffin na gado, da masu, da takubba. A nan aka harbi Yohannes, ya mutu washegari. A ranar 22 ga Satumba 1898 Kanar Parsons ya taso daga Kasala ya kama Gadarif, bayan kwanaki Ahmad Fadil ya dawo ya yi ƙoƙarin ƙwatowa bai samu ba. A ranar 6 ga Nuwamba 1940 kuma sojojin Ingila da na Indiya, ƙarƙashin Birgediya Slim, suka kai wa ganuwar Gallabat hari tana hannun Italiya, har da tankoki da jiragen sama. Wannan duka a fili ɗaya, inda shanunku ke kiwo yau.

To, in ƙira ba ta isa ba, me ya rage? Hanya ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, ita ce wurin kwanciya. Ƙasa tana taruwa hawa-hawa kamar buhunan riɗi a sito: na ƙasa shi aka fara ajiyewa. Masu tonon kayan tarihi ba haƙa suke yi kamar masu rijiya ba. Suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, suna aunawa, suna rubuta abin da ke kusa da me. In ƙarfe yana ƙarƙashin daɓen ɗakin da aka san lokacin da ya ƙone, to ya riga gobarar. In yana cikin toka ɗaya da fasasshen lofe na shan taba, to bai riga zuwan taba ba, ita kuwa taba daga Amurka ta fito, ba ta yaɗu a ƙasashen nan ba sai wajen 1600. In tare yake da kwanson Remington, to ko da tsohon ƙira ne, a ƙarshen ƙarni na 19 ya faɗi. Kwanson harsashin yaƙin 1940 ma ya fi sauƙi, domin galibi akwai shekarar ƙira a gindinsa. Tsingaro, dutsen wuya, guntun kwalba, ƙashi, gawayi, kowanne mai shaida ne.

Bari in ba ku misali daga nesa, inda aka yi aikin yadda ya kamata. Akwai jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Mary Rose, ya nitse ranar 19 ga Yuli 1545, shekara biyu bayan Waina Daga, aka ɗago shi a 1982. A cikin kayansa an samu ragowar bindigogin hannu. Ba wanda ke gardama kan shekarunsu, domin an san ranar da laka ta rufe su. Da irin waɗannan ake gwada sauran da aka tsinta a wasu wurare.

Na biyu a jihar Arizona ta Amurka ne. A 2020 masu tono suka sami wata bindigar tagulla a kwance a kan daɓen wani rusasshen gini na dutse da laka. Ba su ɗauke ta sun ruga kasuwa ba. Sun ɗebi gawayi da ƙasar wurin, aka kai ɗakin gwaji, sakamakon ya dace da tafiyar Koronado, wani jagoran Sifaniyawa da ya ratsa yankin tsakanin 1539 da 1542. Da wani ya zaro ta ya sayar, da ta zama tagulla kawai a hannun mai kuɗi.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, gwajin kimiyya. Duk abin da ya taɓa rayuwa, itace ko ƙashi ko igiya, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa a hankali bayan mutuwa. Rabinsa yana tafiya a cikin shekara kimanin 5,730. In aka auna abin da ya saura, sai a ƙiyasta lokacin mutuwar. Shi ya sa ɗan guntun itace da ya maƙale a jikin bututu, ko gawayin da ke kusa da shi, ya fi ƙarfen daraja a wurin masani. Wanda ya kankare tsatsa da yashi, ko ya wanke da man inji don abin ya yi kyau a kasuwa, ya goge shaidar da hannunsa. Akwai kuma wani gwaji da ke nuna lokacin da yashi ya yi rabuwar ƙarshe da hasken rana, wanda dole sai an ɗebi ƙasar a rufe daga inda take.

Kada kuma ku ɗauka na'ura ba ta da iyaka. Gwajin kabon yana rikicewa a kan abubuwan da ke tsakanin 1650 da 1950, yakan ba da amsa biyu ko uku, kuma nan ne yawancin yaƙe-yaƙen iyakarmu suke. Ga kuma halin baƙar ƙasarmu ta Gadarif. Kun san yadda take tsagewa da rani har ƙafar ɗan maraƙi ta faɗa. Ƙaramin abu kamar harsashi yana iya bin tsagar ya gangara ƙasa, da damina laka ta kumbura ta rufe shi a hawan da ba nasa ba. Tun da aka fara noman tarakta a wajen Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, garma ma tana ta juya saman ƙasa. Saboda haka masani na ƙwarai ba ya dogara da shaida ɗaya. Sai ƙira da wurin kwanciya da gwaji sun yi baki ɗaya kafin ya yanke magana.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da shekarun tsohon ƙarfe? Ruwanmu ne ƙwarai. Kalmar bindiga kanta daga Larabci muka aro ta, bunduƙiyya, kuma labarin shigarta ƙasashen kakanninmu a rubuce kaɗan ne. Limamin Mai Idris Aloma na Barno ya rubuta cewa sarkin yana da 'yan bindiga Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A nan gabas kuwa, Gallabat kanta Takari ne suka kafa ta a ƙarni na 18, wato mutanen yamma masu bin hanyar Makka, suka mai da ita zango da kasuwa tsakanin Sinnar da Gondar. Bayan yaƙin Burmi na 1903 wasu dubbai suka biyo hanyar, har aka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Yawancin abin da aka rubuta game da mutanen nan, baƙi masu wucewa ne suka rubuta shi. Yadda suka tsare ayarinsu, da irin makamin da suka riƙe, da inda suka saye shi, yana cikin kufai da gaɓar rafi. A Mahal Taglinos kusa da Kasala, masanan Italiya da na Sudan sun fara tono tun 1980, suka fito da tarihin mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, waɗanda ba littafin da ya ambace su. Abin da ƙasa ta yi wa waɗancan za ta iya yi wa kakanninmu, in mun bar ta.

Kuma lokaci yana ƙurewa. Masu neman zinariya da jihaz suna bin kowane tudu, na'urar kuwa ba ta bambanta zinariya da bututun bindiga sai an haƙa. A 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maraga, a hamadar Bayuda, da motocin haƙa, suka lalata wurin da ya kai kusan shekara dubu biyu. Bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilu 2023, gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum ma an wawashe shi. Abin da ya rage a ƙarƙashin ƙasa ya ƙara daraja ke nan. Dokar kayan tarihi ta 1999 ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba tare da izini ba, saboda haka falken da ya karɓi amanar tsohon ƙarfe zai tsallaka da shi iyaka, ya san kayan da ya ɗauka.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duk na baya nauyi. Ba kowane tsohon ƙarfe ne tarihi marar haƙori ba. Filin da ya ga yaƙin 1940 da rigingimun da suka biyo baya yana da harsashin igwa da gurneti da nakiyar da ba su tashi ba, kuma tsufa ba ya kashe su. In abu yana da fiffike a gindi, ko hanci mai tsini, ko ya yi kama da gwangwani rufaffe, kada a taɓa, kada a jefe shi da dutse, kada a hura wuta kusa da shi. Ku ja wa yaran da ke bin shanu kunne, domin su ne ke fara gani.

In kuwa kun ga abin da ya yi kama da na ɗan'uwanmu na hanyar Doka, ga abin da muke roƙo. Ku bar shi inda yake. Ku ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga rafin ko tudun, sannan daga kusa da sandar kiwo a gefensa don a gane tsawonsa. Ku lura da zurfinsa daga saman ƙasa, da ko akwai toka, tsingaro ko ƙashi tare da shi. In wayar tana nuna wuri, ku adana. Sai ku sanar da shehin gari ko omda, a kai maganar ga hukumar kayan tarihi.

Shi ɗan'uwan namu mun sake magana da shi. Ya ce bai sayar ba, kuma yana iya gane gaɓar da ya zaro ƙarfen, domin akwai wata bagaruwa a wurin. Mun roƙe shi ya nannaɗe su a busasshen ƙyalle, kada ya goge, ya kuma koma ya ɗauki hoton ramin kafin damina ta sake cin gaɓar. Wanda ya taɓa ganin irin wannan a wajen Basunda ko Fashaga ko bakin Rahad, ya aiko mana saƙo, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye dukiya, ya kai fatake gida lafiya.